Abin da Inna Ta Gani a Kwamfutata

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka Kafin Hausa lami lafiya, kin kuma dace da abokan zama masu tsoronSa. Allah Ya tsare ki a hanya da ɗaki da aji, Ya tsare idonki da kunnenki.

Ranar da na wuni a falo ina goge kwamfutar da na ba ki, kin tambaye ni me ya sa ba zan bar miki ita yadda take ba, tunda komai yana ciki kuma tana aiki. Na ce miki ta yi nauyi ne. Ba wannan ne dalili ba. Dalilin yana da tsawo, kuma ba zan iya faɗa miki shi ina kallon fuskarki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da na yi mata. Na share duk abin da ke ciki. Na sa burauza guda ɗaya, wadda za ki riƙa buɗe shafuka da ita, da fileya guda ɗaya mai kunna bidiyon da kika sauke. Na buɗe miki asusu sabo da sunanki, ke kika zaɓi kalmar sirrinsa, ni ma ban san ta ba. A shafin bidiyo na kashe makunnin nan da ke sa bidiyo na gaba ya kama da kansa idan na farko ya ƙare. Za ki kalli karatun malamanku da duk abin da kike buƙata ba tare da matsala ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da na koya a aji. Kowanne sai da na yi ɓarna tukuna.

Bari in fara da ƙaramar. Shekarun baya, lokacin da aka fara ba mu kwamfuta a sashen kula da dabbobi inda nake aiki, wata rana da yamma na so in kalli ƙwallo kai tsaye. Na faɗa wani shafi, ya ce fileyata ta tsufa, in danna wani koren maɓalli in sauke sabuwa. Na danna. Ya tambaya ko na yarda ya riƙa aiko min da saƙo, na ce na yarda. Ƙwallon ma ban gani ba, allon juyawa kawai ya yi ta yi har aka tashi.

Washegari da hantsi shugabar sashenmu ta shigo da ardo biyu daga wajen Miga, suna son ganin ranar da masu rigakafin shanu za su isa rugagensu. Na buɗe kwamfuta a gabansu ina taƙama. Kafin jadawalin ya fito, hotunan mata tsirara suka fara tsalle a allon, in rufe ɗaya biyu su buɗe. Ɗaya daga cikin su biyun abokin mahaifina ne, ya san ni tun ina bin maruƙa. Ya sunkuyar da kai, ya gyara rawaninsa, ya ce za su jira a waje. Baba Bitrus, abokin aikina mutumin Filato da kika sani, shi ya yi kwana biyu yana wanke na'urar. Jadawalin bai tsira ba, sai da na sake shi daga farko, masu rigakafi suka isa rugagen a makare.

Don haka duk shafin da ya ce miki fileyarki ta tsufa, ko sai kin sauke wani abu kafin ki kalla, ƙarya yake yi, ki rufe shi. Wanda ya nemi izinin aiko miki da saƙo, ki hana. In wata manhaja ta zama dole, ki tambayi wanda ya sani, a ɗauko ta daga gidan masu ita. Wannan kunya ce kawai na sha, kuma kunya tana wucewa. Abin da ya biyo baya bai wuce ba.

Kin san Baffanki Buba ya rasu a haɗarin mota, kina aji biyar a firamare lokacin. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka sa a makaranta, shi aka bari da sanda. Da shanunmu suka ragu, sai ya koma rakiyar shanun fatake zuwa kudu. Aikinsa ya zauna a saman ƙarafan tirela kwana da kwanaki, in saniya ta faɗi ya sauka cikinsu ya tashe ta kafin sauran su tattake ta. A wata kwana can kudu motar ta kife da safe. Direban wata tirela da ya zo daga baya ne ya kira ni da la'asar, ya ce an riga an yi musu sutura a can, shi da sauran da suka rasu. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ni na tafi Miga in faɗa wa Inna, kakarki wadda kika ci sunanta. Na same ta tana kaɗa nono a gindin bishiya. Da na faɗa mata, ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta yi salati. Can ta yi min tambaya ɗaya tak: ya sha wuya? Na ce a'a, nan take ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Ummi, babu wanda ya faɗa min haka. A cikin mota na shirya maganar, tsakanin Jahun da Miga. Inna ta ce alhamdu lillahi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta maimaita masa, ta ce Malam ya ce bai sha wuya ba. Malam take kirana, kin san ba ta taɓa kama sunana ba, ni ne ɗan farinta.

Na ɗauka tausayi na yi. Yanzu na san sauƙi na nema wa kaina, don in ban faɗi haka ba sai in zauna da ita cikin rashin sani, ni kuwa ba na son zaman. Idan aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ko da mai tambayar yana kuka, ki ce ban sani ba. Ki zauna kusa da shi, ki riƙe hannunsa, amma kada ki ƙago masa labari.

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu, wani dillalin shanu ya turo min bidiyo a waya, ya rubuta a ƙasa: wannan ba ƙanenka ba ne? Bai kai minti biyar ba. Tirela a kife a gefen titi, shanu wasu a mace wasu suna shure-shure. Mutane sun yi da'ira, kusan kowa da waya a hannu. Mai ɗaukar ya zagaya, ya zo kan wani mutum da ƙarfe ya danne daga ƙugu zuwa ƙasa. Buba ne, da shuɗiyar rigarsa da na ba shi da sallah. Idonsa biyu. Yana magana. Har bidiyon ya ƙare yana magana.

Ga kuskuren da na yi a cikin awa ɗaya da ganinsa: na tura wa 'yan uwanmu biyu, wai su tabbatar min shi ne. Na san shi ne. Rigar tawa ce, tsagar fuskar tamu ce. Ba na son in zama ni kaɗai na gani, shi ne gaskiyar. Su ma kowanne ya tura wa wanda zai taya shi ɗauka. Kafin wata ya ƙare, matasan dangi duk sun gani, kowa ya haɗa baki a ɓoye wa Inna da matar Buba da 'ya'yansa. Ba ni na ɗora shi a intanet ba, amma ni na shigo da shi cikin danginmu da yatsana.

Duk bidiyon da ya zo miki na wani a cikin mugun hali, haɗari ne ko duka ko tsiraici, ya tsaya a wajenki. Kada ki ce ai mutum ɗaya zan tura wa. Ni ma biyu kawai na tura wa. Kuma in Allah Ya sa kika tarar da haɗari a hanya, wayar da ke hannunki ta kira ce. Ki durƙusa ki tambayi mutum wa za a kira masa.

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Na wayar ya dushe, sautin ba ya fita, ni kuma ina son in ji abin da yake faɗa. Sai na hau shafin bidiyo a wannan kwamfutar, da asusuna, na yi ta nema har na sami wanda ya fi haske. Wani ya ɗora shi da babban take, kamar tallar wasa, dubban mutane sun kalla, wasu har da raha a ƙasa. Na sauke shi. Fileyar da Baba Bitrus ya sa min tana iya rage gudun bidiyo, tana iya ƙara sauti fiye da ƙa'ida. Kullum in an tashi daga aiki ƙarfe huɗu, kowa ya watse, sai in rufe ƙofar ofis in toshe kunnuwana da abin ji, in rage gudu, in ƙara sauti. Na ji yana cewa ndiyam, wato ruwa. Na ji yana cewa Inna. Akwai wata magana da yake ta maimaitawa wadda kukan shanu da hayaniyar mutane suka danne, na ɗauka nishi ne.

Wata bakwai ina wannan. Daga nasa na koma na wasu, duk inda tirela ta faɗi sai na kalla, ban san me nake nema ba. Shafin kuwa yana lura. Abin da ka kalla jiya shi yake jera maka yau, har ya zama in na buɗe, babu komai a fuskarsa sai motoci a kife. Na daina cin abinci tare da ku. Mahaifiyarki ta yi ta tambaya, ina ce mata aiki ne. Wataƙila kin tuna ranar da kika ɗaga murfin kwamfutar za ki yi zane, na daka miki tsawar da ta sa kika saki fitsari. Ba ki yi laifin komai ba. Tsoro nake kada ki ga abin da ke ciki. Ban taɓa ba ki haƙuri ba, yau ina ba ki.

Ki riƙa duba fuskar shafinki lokaci lokaci kamar ta wani ce. In kika ga ya cika da abin da ba za ki so ƙawarki ta leƙo ta gani ba, to ke kika koya masa. Ki share tarihin, ki faɗa wa wani mai rai abin da ke damunki. Da na faɗa wa mahaifiyarki tun a watan farko, da ta raba ni da shi.

Gab da azumi na ɗauko Inna na kawo ta Dutse aka cire mata yanar ido. Ido ɗaya aka yi, ya buɗe tar. Ta yi ta murna, tana cewa ashe fuskokin jikokinta haka suke. Likita ya ce ta zauna kusa har ya warke, don haka ta yi azumi a wajenmu, a ɗakin da yake naki yanzu. Wata rana ta ce ta ji ana ganin Ka'aba a cikin na'ura a daidai lokacin da ake ɗawafi, kuma akwai malamin da ke tafsiri da Fillanci. Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Ranar Asabar Baba Bitrus ya zo gida da 'yar lasifika don ta riƙa ji sosai. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya haɗa wayoyi, ya ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno daidai idonta. Sai ya ce min in kawo ya buɗe wa Inna asusunta dabam, wanda babu komai a cikinsa sai tafsiri, ya kuma kashe abin da ke kunna na gaba. Ya ce minti goma ne. Na ce ya bari, zan yi da kaina. Ya sake cewa tsoho ba ya sanin inda ake tsayar da abin, duk abin da ya zo shi zai kalla. Na ce na ji, na karɓi kwamfutar daga hannunsa na buɗe tafsirin da kaina, na juya allon yadda ba zai gani ba.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina sauri ne ya hana ni. Ba sauri ba ne. Kafin ya buɗe sabon asusu sai ya ga nawa, ya ga jerin motocin nan, ya tambaye ni. Kunyar abokina na ji, na bar mahaifiyata a buɗe. Bayan ya tafi ma ban yi ba, don ban san inda makunnin yake ba, kuma tambaya za ta jawo wata tambayar.

Wannan ita ce babbar shawarata a kan na'urar nan. Kada ki zaunar da kowa a gaban asusunki ki tafi, ko ƙawa ko yaro ko tsoho. In za a ara, ki buɗe tagar baƙo, wadda ba ta nuna abin da ke asusunki, na nuna miki inda take. In kuma wanda ya fi ki sani ya ce a gyara abu yanzu, ki bari a gyara yanzu, ko da gyaran zai tona miki wani abu.

Kwana goma sha biyu komai lafiya. Inna takan yafa mayafi kafin a kunna, wai malamin yana ganinta. In ya yi sallama ta amsa. In aka nuna masu ɗawafi sai ta miƙa hannu kamar za ta taɓa. Ban taɓa ganinta cikin jin daɗi irin na kwanakin nan ba tun rasuwar Buba.

Rana ta goma sha uku ina ofis, ku kuna makaranta. Mahaifiyarki ta kunna mata tafsirin safe, ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa. Tafsirin ya ƙare da wuri. Shafin ya duba abin da mai asusun ya fi kallo, ya kunna shi. Mahaifiyarki ta ce tun daga zaure ta ji kukan shanu a cikin gidanmu, ta rasa daga ina. Ta tarar da Inna ta sauko daga katifa ta durƙusa, ta kai idon nan mai gani dab da allon. Mahaifiyarki ta kai hannu za ta rufe, Inna ta riƙe mata wuyan hannu har bidiyon ya ƙare.

Da mahaifiyarki ta kira ni na hau babur na taho. A zaure na same ta tana kuka, kuma abin da ya fara fita daga bakina shi ne, don me za ki bar ta ita kaɗai? Ta share hawaye ta dube ni ta ce, “Ni na sa shi a ciki?” Ita ba ta ma taɓa sanin akwai bidiyon ba. A minti ɗaya ta ga mutuwar ƙanen mijinta, ta kuma gane abin da mijinta yake yi wata bakwai, ni kuwa na zo ina neman wanda zan ɗora wa. In kin yi ɓarna, Ummi, ki lura da bakinki a mintin farko. A nan ne mutum yake jifan wanda ya fi kusa da shi.

Na shiga ɗakin. Inna tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu, carbinta a ƙasa. Ba ta kuka. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, “Malam, ka san da wannan?”

Na ce na sani.

“Tun yaushe?”

Na ce tun bayan sadakar bakwai. Ta lissafa watannin a ranta. Sannan ta ce in mayar mata da shi daga farko. Na roƙe ta, na ce ta yi wa Allah ta bari, azumi take, idonta bai warke ba.

Ta ce, “Waɗanda ba su san sunansa ba sun gani. Ni na haife shi.”

Na jawo kwamfutar. Tunda abin ya kai haka, na buɗe wanda na sauke, na rage gudu na ƙara sauti yadda na saba. Wannan karon ba ta kalla ba. Ta rufe ido, ta kara kunnenta a jikin lasifikar. Da ya ƙare ta tambaye ni me na ji yana cewa. Na ce yana neman ruwa, yana kiran sunanta, sauran nishi ne.

Ta girgiza kai ta ce, “Fillancinka ya tafi, Malam. Ba nishi ba ne. Cewa yake, ku kira Hamma, lambarsa tana aljihuna.”

Hamma shi ne babban wa. Duk duniya mutum ɗaya Buba yake kira haka. Mutum fiye da ashirin a kansa, kowa da waya a hannu, yana roƙonsu da harshen da ba sa ji su kira ni. A lokacin ina ofis, wayata tana kan tebur. Na saurari maganar nan sau ɗari ko fiye, da na'urar rage gudu da ta ƙara sauti, ban gane ba. Ita sau ɗaya ta saurara.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na ji mahaifiyarki ta shigo ta ɗauke kwamfutar ta fita da ita. Inna ta ɗauki carbinta. Da aka kira azahar ta ce in tashi in tafi masallaci.

Ba ta ƙara neman tafsiri ba. Ta ƙarasa kwanakin da likita ya ce, tana cin abin buɗa baki kaɗan, tana amsa gaisuwa a taƙaice. Ku kuna tambaya me ya sami Inna, muna ce muku idon ne. Kwana uku kafin sallah ta ce a mayar da ita gida. Ni na kai ta. Sai da muka kusa, ta ga garken wasu a bakin hanya, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce ƙaryar da na yi mata ta yafe, ta san abin da ya sa. Abin da ya tsaya mata shi ne duk dangi sun sani, suna zuwa gaishe ta, tana ce musu bai sha wuya ba, suna cewa haka ne. Ta ce na mayar da ita abar tausayi a cikin 'ya'yan da ta goya.

Da damina ta zagayo ta rasu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ba zan ce bidiyon ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma matar da na mayar Miga ba ita ce wadda na ɗauko ba, kuma na san hannun da ya yi wannan. Daga baya na faɗa wa Baba Bitrus komai. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya zauna ya taya ni rubuta wa masu shafin ƙorafi, suka cire wanda na nuna. Wasu sun riga sun kwafa sun ɗora da wani take. Har yau yana nan, duk wanda ya san abin da zai rubuta zai same shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa takardar ba za ta jira ki dawo hutu ba. Sale, babban ɗan Baffanki Buba, yana nan Kafin Hausa yana haya da babur a bakin ƙofar makarantarku. Ya zama magidanci, matarsa tana da ciki. Makon jiya da ya zo gaishe ni, da na raka shi waje, ya ce min ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin wai akwai bidiyon mahaifinsa, ko gaskiya ne? Na ce masa za mu yi magana. Na ga motar haya ta tsaya, na ce ya yi sauri kada ya rasa ta. Da furfurata, na sake gudu.

Ya san kin zo da kwamfuta, kuma ya fi sakewa da ke a kaina. Zai zo. In ya roƙe ki ki nemo masa, kada ki nema. Kada kuma ki ce masa babu, ko ki ce ba ki sani ba, don yanzu kin sani. Ki ce masa akwai, kuma ni baffansa na ce zan zo ranar Juma'a da kaina. Na riga na nemi izini a ofis. Zan yi sallar Juma'a a nan Kafin Hausa, in ɗauke shi mu sami inuwa, in faɗa masa da bakina yadda mahaifinsa ya rasu, da abin da ya faɗa, da wanda ya kira. In bayan ya ji ya ce sai ya gani da idonsa, haƙƙinsa ne, ba zan hana shi ba. Amma ba a ɗakinki ba, ba a na'urarki ba, kuma ba shi kaɗai ba.

Na ɗora miki nauyi a makonki na farko, na sani. Ki yafe min. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki kira mahaifiyarki ko ba ki da labari. Tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya jiƙan Inna da Buba, Ya sa wuyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya kare ki daga abin da za ki gani ki kasa mantawa, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki sa ni a addu'a ranar Juma'a, Allah Ya ba ni ƙarfin zama har in gama maganar.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.